Kantin Taro da Sisi

Asabar, 13 ga Disamba

Yau kwana biyar ke nan da saukata a Birmingham, amma sai yau na samu na fita don raɗin kaina, domin shekaranjiya aka yi bikin yaye ɗalibai, jiya kuma muka sallami baƙin da suka zo taya mu murna daga Landan. Bayan mun karya kumallo na ce wa yarinyar nan ta shirya ta raka ni tsohuwar unguwarmu. Ita ce 'yar fari, saboda haka ko a rubuce ba na iya kama sunanta, sai a yi mini uzuri. Ta tambaye ni, “Umma, gidan da muka zauna kike son gani, ko makarantarmu ta firamare?” Na ce mata wani kanti nake son gani, sai ta tsaya tana kallona da rigar sanyi a hannu, ta ce ai kantin da nake nufi ya kusa shekara 17 da rufewa. Na ce na sani, ai a gabana aka rufe shi.

Mun hau bas mai lamba 11, wadda take kewaya birnin ta gefe ba tare da ta ratsa tsakiyarsa ba, kuma ita muke hawa tun a wancan zamani, daga 2004 zuwa 2009, lokacin da Malam yake karatun digirinsa na uku. Da muka sauka a babban titin unguwar ban ɓata ba ko kaɗan, ƙafata ce ta kai ni ƙofar. Ginin yana nan, sai dai an raba shi biyu, ɓangare ɗaya ana sayar da kayan aikace-aikacen gida masu araha, ɗayan kuma wurin shan gahawa ne. Jan allon nan mai fararen haruffa da aka rubuta Woolworths babu ko alamarsa. Na daɗe a tsaye, har wata mata mai tura keken jariri ta nemi in ba ta hanya.

Wanda bai zauna a Ingila kafin 2009 ba, zai yi wuya ya gane irin kantin da nake magana a kai. Ba kantin kayan wasa zalla ba ne, domin ana sayar da tukwane da ƙwan fitila da fenti da faifan waƙa da tufafin yara masu tambarin Ladybird, amma a gidanmu ba mu san shi da komai ba sai kayan wasa, kuma da yawa daga iyayen da nake haɗuwa da su a can abin da yake kai su ke nan. Turawa ba sa ma kiran cikakken sunansa, Woolies kawai suke cewa, kamar yadda mutum yake gajarta sunan ɗan'uwansa. Kusan kowane gari yana da reshe, kuma a tsakiyar titin da ake hada-hada yake, ba a bayan gari ba, wanda hakan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da ba su da mota. Akwai Toys R Us a lokacin, katafaren kantin kayan wasa, amma sau ɗaya muka taɓa zuwa, muka dawo da yara biyu suna kuka, don duk abin da idonsu ya kai kansa ya fi ƙarfin aljihunmu.

Halin da muke ciki a shekarun nan sai godiya. Hukumar da ta ɗauki nauyin karatun Malam takan yi wata uku ko huɗu ba ta turo ko kwabo ba, shi ya sa yake aikin gadi da dare a ƙarshen mako, ya dawo da asuba idanunsa jawur. Domin ya samu ya yi barci nake kwashe yaran ranar Asabar da hantsi mu fita, kuma a ƙasar da ruwa yake sauka ba shiri, babu inda za ka kai yara su yi awa biyu cikin ɗumi ba tare da ka biya kuɗin shiga ba sai ɗakin karatu ko wannan kanti. Nakan ba kowannensu fam biyu, in ce ya zaɓi abin da yake so. Abin da ya ɗaure ni da wurin ke nan har yau: fam biyu tana sayen wani abu na gaske, ko ƙaramar mota ta ƙarfe, ko kwalin fensir mai launi, ko ƙwallo, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon da ake yi wa wanda ya shigo da aljihu fayau. Yaron yakan yanke shawara cikin minti biyar. Yayarsa kuwa sai ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta juya bayansa ta karanta farashi, ta yi lissafi da yatsu, har sai na ce mata la'asar za ta same mu a nan. Ina ganin a tsakanin waɗannan kantoci ta koyi tarawa da ɗebewa, ba a aji ba.

Maƙwabciyarmu ta lokacin, wata tsohuwar Baturiya da ta haura tamanin, ita ta fara ba ni tarihin wurin. Ta ce da tana yarinya ba abin da ya wuce sisi a kantin, ko dai taro ko sisi, kuma haka aka rubuta a saman ƙofa. Da na gane kuɗin da take nufi dariya ta kama ni, na yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita cewa waɗannan su ne taro da sisin da kakata take ƙullewa a bakin zani kafin a canja kuɗi zuwa naira a 1973, kuma har gobe idan Bahaushe ya ce yana neman taro da sisi, ɗan abin rufin asiri yake nufi. Daga baya na karanta sauran labarin. Wani Ba'amurke ne mai suna Frank Woolworth ya kafa harkar a ƙasarsu a 1879, da dabarar sayar da komai a kan ƙayyadadden ƙaramin farashi da kuma baza kaya a fili mutum ya taɓa da hannunsa, sannan a 1909 ya buɗe reshen farko na Ingila a titin Church Street da ke Liverpool. Ƙa'idar sisi ta faɗi a lokacin yaƙin duniya na biyu, amma sunan araha ya bi kantin har ƙarshensa. Tun daga ranar, a gidanmu muka raɗa masa Kantin Taro da Sisi.

Akwai kuma maganar Chad Valley, tambarin da yake kan yawancin kayan wasan da muke saya. Ranar da Malam ya fara ganinsa a jikin kwali ya ce ikon Allah, ashe har Chadi ta fara ƙera kayan wasa tana kai wa Turawa. Ashe wani ɗan rafi ne mai suna Chad a unguwar Harborne, nan cikin Birmingham, inda tsohuwar masana'antar take, kuma kamfanin ya taɓa samun lambar zama mai yi wa gidan sarautar Ingila kayan wasa a 1938, kafin Woolworths ya sayi sunan a 1988. Bas ɗin da muka hau yau ma ta Harborne take bi. Na nuna wa yarinyar nan ta taga, ta ce ita duk tsawon yarintarta ta ɗauka maganar Abbanta gaskiya ce.

Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne yadda kalanda ta faɗo mana a shekarun. A 2006 Babbar Sallah sau biyu ta zo, ɗaya a 10 ga Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, wato duka biyun bayan Kirsimeti, daidai lokacin da kantuna suke zabtare farashi don su rabu da ragowar kaya. Abin da iyayen Turawa suka saya da tsada a farkon wata, mu muka same shi a rabin kuɗi ko ƙasa da haka. A Sallar Disambar ce na saya wa yaron garejin motoci mai hawa uku, da ɗan lif da ake murzawa da hannu, ita kuma kayan shayi na roba da 'yar tsana mai rufe ido idan an kwantar da ita. Ni da na tashi da 'yar tsanar kara da tsumma, yayyena maza suna haɗa mota da gwangwanin madara da silifa, sai na zauna a kan kafet bayan yara sun yi barci ina murza lif ɗin nan ni kaɗai. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Rufewar tasa ba ta zo mana da mamaki sosai ba, domin ko ni da ba 'yar kasuwa ba na lura manyan kantunan abinci irin su Tesco da Asda sun fara sayar da kayan wasa da tufafin yara da faifai, kantunan fam ɗaya sun cika titi, masu hali kuma sun koma saye ta intanet. Kantin da yake sayar da komai sai ya wayi gari kowane abu nasa akwai wanda ya fi shi arahar sa. Ga kuɗin hayar gine-gine, ga bashin da ya kai fam miliyan 385, sannan rikicin tattalin arzikin 2008 ya zo bankuna suka ɗaure bakin jaka, masu kawo kaya suka ce sai dai kuɗi hannu. A 26 ga Nuwamba aka damƙa kamfanin ga akantocin Deloitte su nemi mai saye, ba a samu ba. Tsakanin 27 ga Disamba da 6 ga Janairun 2009 aka rufe rassa 807, mutum wajen 27,000 suka rasa aiki, saura 'yan watanni kantin ya cika shekara 100 a ƙasar.

Sallar Layya ta shekarar ta kama 8 ga Disamba, ana dab da fara gwanjon rufewa, kuma da yake mun san a bazara mai zuwa za mu koma gida, sai na je da babbar jaka don in haɗa tsarabar 'ya'yan dangi. Na je sau uku. A zuwan ƙarshe har kantocin da ake jera kaya an liƙa musu farashi, mutane suna ture juna, ana tattake kwalaye a ƙasa. Matar da ta saba karɓar kuɗinmu, wadda take tsokanar yaron duk mako tana tambayarsa mota ta nawa ke nan, tana nan a mazauninta da hular Kirsimeti a ka, tana ta danna na'ura ba ta ɗaga ido. Da layi ya zo kaina na ajiye tulin kayan da na tsinto a kan kwata ɗin kuɗinsu, na rasa abin da zan ce mata. Da a gida ne na san kalmomin, in ce Allah ya musanya da mafi alheri, ta ce amin, mu rabu kowa ya ji sanyi. A Turanci ban san abin da ake faɗa wa wanda aikinsa zai ƙare mako mai zuwa ba, musamman daga bakin wadda ta zo cin gajiyar abin. Na karɓi canjina na ce na gode, na fita. Wannan shirun ya fi komai dawo mini yau da nake tsaye a ƙofar.

Mun shiga wurin shan gahawar don mu fake wa yayyafi, muka zauna a wani lungu da na ƙiyasta nan ne layin 'yan tsana yake a da. Na yi ta zuba, ina ba ta labarin garejin da kayan shayin, ina jiran ta ce ta tuna. Ta saurara cikin ladabi, sannan ta ce, “Umma, ki yi haƙuri, ni fa abin da na fi tunawa shi ne alewar da kike hana mu.” Tana nufin pic'n'mix, dogon jerin akwatunan alewa kala-kala da ke kusa da ƙofa, inda yaro yake ɗaukar ɗan cokali ya ɗebi wannan ya ɗebi waccan ya zuba a jaka a auna masa. Gaskiyarta ne, na hana. Yawancin alewa mai taushi da jelatin ake yin ta, shi kuwa sau da yawa daga fatar alade ake samo shi, ni kuma ba na iya bambance wadda ke da shi da wadda babu, don haka nakan ja hannunsu mu wuce da sauri, sai dai in saya musu cakulan a naɗe. Ta ce shekara biyar tana wuce wajen nan da fam biyunta a tafin hannu tana haɗiyar yawu, kuma da za a bar ta da zaɓinta, da ba ta sayi 'yar tsana ko ɗaya ba. Ni da na ɗauka na ba su cikakken zaɓi. Na ba ta labarin cewa bayan an rufe, wani manajan reshe ya sa jakar alewa ta ƙarshe a gwanjon intanet na eBay don taimakon ma'aikata, aka saye ta fam 14,500. Ta ce ita kam ta fahimci wanda ya saya.

Kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, haka hunturun nan yake, muka tashi. A hanyar zuwa tashar bas ta ce in jira ta, ta shiga shagon wasu 'yan Pakistan, ta fito da ledar alewa mai taushi mai tambarin halal, ta buɗe ta miƙo mini. Na ɗauki ɗaya mai siffar kwalbar lemo. Tsami ne da ita ƙwarai, har na runtse ido, ita kuwa ta cinye rabin ledar kafin bas ta iso.

Da daddare na kira ƙaninta a Zariya na ce ya duba mini ɗakin ajiya, ko garejin nan yana nan. Ya ce ai ni da kaina na bayar da shi ga ɗan ƙanwata tun yana aji uku a sakandare, amma akwai jar mota guda ɗaya a cikin durowarsa, ba ta da tayar gaba. Na ce ya ajiye mini ita. Ya ce, “Umma, tawa ce fa, da fam biyuna na saya.”