Ranar da lissafina ya wuce iyakar Betz

Wasiƙu da yawa na aika wa malaman jami'o'in Ingila ina neman gurbin digiri na uku, shiru kake ji. Duk salonsu ɗaya ne: ga ni, ga takarduna, a taimaka. Wadda aka amsa ita ce wadda na zauna na karanta binciken malamin tukuna, sannan na ce masa ina so in gano yadda ƙurar hunturu ke canza tafiyar iska a kan fuka-fukan injin samar da lantarki daga iska. Na ba shi misalin tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10. Cikin mako guda ya amsa. Kuɗin karatu kuwa daga PTDF na samu, wato asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur.

Fannin da na karanta, wanda ake kira CFD, wato lissafin tafiyar iska da ruwa da kwamfuta, a taƙaice, yanka iskar da ke kewaye da fiffike ake yi zuwa ƙananan ɗakuna miliyoyi, abin da muke kira raga, sai kwamfuta ta warware lissafin Navier-Stokes, wanda ke bayyana motsin iska, a kowane ɗaki. Da manhajar OpenFOAM na yi aiki, domin kyauta ce, kuma ina so in ci gaba da ita idan na koma gida, inda lasisin manhajar Ansys Fluent ya fi ƙarfin aljihunmu.

A ƙarshen shekarar farko na samu sakamako mai ban sha'awa: hotuna ja da shuɗi, iska tana murɗawa bayan fiffike kamar hayaƙi. Na kai wa malamina ina ta murna. Bai ko kalli hotunan ba. Ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, kashi 62 cikin 100, ya ce in tuna Betz. Gabana ya faɗi. Dokar Betz ta ce babu injin da ke fili da zai iya kwasar fiye da kashi 59.3 na ƙarfin iskar da ke ratsa shi. Ashe bangon ragata ya matso kusa da injin, yana matse iska tana ƙara gudu. Ga shi kuma ɗakunan da ke manne da jikin fiffiken sun yi kauri, alhali tsarin k-omega SST, wanda nake lissafa murɗawar iska da shi, yana son su sirara ƙwarai.

Wata huɗu na yi ina gyara. Wannan karon ban taɓa batun ƙura ba sai da lissafina ya yi daidai da gwajin injin NREL, cibiyar binciken makamashi ta Amurka, da aka yi a babban bututun iska na NASA Ames a 2000. Wallahi a watannin nan na fara fahimtar aikin.

Da na zo hutu gida lokacin hunturu, na ajiye faranti a saman rufin gidanmu na kwana goma. Ƙurar da ta taru na zuba a kwalba na tafi da ita, aka auna girman ƙwayoyinta a ɗakin gwaji, kuma da wannan awon na gina babi na huɗu na kundin digirina.