Kwamfutar Doguwar Tafiya: Da Cajarta Muke Auna Ta

Duk wanda ya zo wurinmu ya ce zai yi wata shida ko shekara a hanya, yana son laftof marar nauyi mai sauƙin kuɗi, sikeli muke fara jawowa. Mu ɗora kwamfutar, mu ɗora cajarta da igiyarta a kai, domin duka kafaɗa ɗaya ce za ta ɗauke su. Kwamfuta mai kilo 1.3, in aka haɗa ta da tsohuwar caja mai kama da bulo, sai ka ga allura ta doshi kilo 1.7. Ma'auninmu shi ne sikirin inci 13 ko 14, nauyi kada ya wuce kilo 1.4, kuma ta riƙa shan caji ta ramin USB-C.

Wannan ramin ya fi komai amfani ga matafiyi. Caja ɗaya mai wat 65, irin ƙananan nan da ake kira GaN, ta ishi kwamfuta da waya baki ɗaya. A duba jikinta, in an rubuta 100–240V to za ta karɓi wutar Amurka mai bolt 120 da ta Turai mai 230, kan soket kawai za a sauya. Igiyar USB-C ta gama-gari wat 60 take iya ɗauka, mai ɗaukar 100 daban take. Amma a nan ne masu jabu suka fi cutar mutane, kuma abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mukan fasa irin cajar nan mu tarar da ɗan allo da bai kai rabin gidan ba, babu abin da ke tace wuta, wani lokaci har da guntun ƙarfe da aka manna don hannu ya ji nauyi. Alamarta ba ta ɓuya: kana jona ta sai kibiya ta kama tsalle-tsalle a sikirin ba ka taɓa komai ba. Bayan 'yan watanni sai ta ƙona sashen caji na babban allon da ke cikin kwamfutar, gyaran da ya ninka kuɗin caja ta gari sau da yawa.

A kuɗi ɗaya, mun fi ba da shawarar ta hannu daga jerin da aka ƙera wa ma'aikatan kamfanoni a kan sabuwa mai jikin roba: ThinkPad na T da X, Latitude na Dell, ko EliteBook 830 da 840 na HP. Da sukudireba ɗaya ake buɗe bayansu, littafin gyaransu yana intanet, kuma batir da kibod ɗinsu ba su da wuyar samu a manyan birane. ThinkPad X1 Carbon wajen kilo 1.1 take, sai dai RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, a like yake da allo, don haka a ɗauki mai giga 16 tun farko, ba a ƙarawa daga baya. MacBook Air mai M1 ta 2020 kilo 1.29 ce, ba ta da fanka balle ta zuƙi ƙura, amma ita har ma'ajiyarta a like take.

Kada a ruɗu da takardar "i7" da aka manna a jiki. Sunan firosesa ne, wato injin lissafin kwamfutar. A karanta lambar da ke biye da ita. i5-8250U zubi na 8 ce mai ƙwaƙwalwa huɗu, i7-7500U kuwa zubi na 7 ce mai biyu, ga shi Windows 11 ba ta amince da ita ba, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba, 2025. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla giga 256. Mai ma'ajiya irin ta eMMC giga 64 ba ma sayar da ita ga matafiyi.

Batir shi ne inda aikinmu ya fi tsawo. Kowace kwamfuta mai Windows sai mun buga mata umarnin powercfg /batteryreport, mai fitar da rahoton batir, mu kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake riƙewa yanzu. In ya gaza kashi 80 cikin 100, cire shi muke yi. Muna kuma kwantar da ita a tebur mu duƙa mu kalli wurin sa yatsa daga gefe. In ya ɗan taso, ko ba ya dannuwa sosai, batirin ya kumbura a ƙasansa, kuma irin wannan ba ya shiga jakar kowa. Sabon da za mu sa ma ba ma yarda da rubutun jikinsa, domin akwai dillalan da za su aiko maka da kwali an rubuta 57Wh, wato yawan wutar da batirin ke riƙewa, ka gwada ka ga bai kai ba, ka kira su su daina ɗaga waya. Sai mun cika shi, mun saki bidiyo da haske rabi har ya mutu, mun rubuta awannin a takarda mun ba mai saye. Wanda zai haɗa da fawabanki ya tuna cewa a jirgin sama a jakar hannu ake riƙe shi, kuma abin da ya haura 100Wh, wato wajen 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgin.

Kafin ta bar hannunmu muna kwance fanka mu busa ƙura, mu goge busasshen man sanyaya na kan firosesa mu shafa sabo, mu ɗaure sukurorin hinji, mu shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, mu tabbatar tsohon kamfani bai bar kalmar sirri ba. Mai tayi yakan ce ya ga irinta da rahusa a wani wuri, kuma gaskiyarsa, akwai ta. Abin da muke roƙonsa shi ne ya sa a buɗe masa rahoton batirin a gabansa, ya ɗaga murfin da yatsa ɗaya ya saurari ko hinjin zai yi ƙara, sannan ya jona cajar ya zuba wa kibiyar ido na minti biyu.