Tsutsar Laka da Ta Koya Mini Duba

Ni ɗan tudu ne. Kafin in je karatun digiri na biyu a Ingila, tsutsar da na sani ita ce tanar da ke fitowa da damina. Sai ga shi a zangon farko an ba mu takalman roba masu kai wa gwiwa, aka kai mu bakin kogin Thames, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku. Muka jira ruwa ya janye, muka shiga laka muna ɗiba, muna tacewa a rariya mai ƙofofin rabin milimita. Abin da ya rage a rariyar yana ta motsi kamar shanshani, ƙafafu jere a kowane gefe, da jan layi siriri daga kai har wutsiya. Jijiyar jini ce ake hangowa ta cikin fata.

Sunanta Hediste diversicolor. Masanin halittu ɗan ƙasar Denmak, Otto Friedrich Müller, shi ya fara siffanta ta a 1776. Ba ta cika wuce santimita 12 ba, tana haƙa rami a laka, tana jure ruwan da gishirinsa ke hawa da sauka. Tsuntsayen bakin ruwa da kifaye da ita suke rayuwa, masunta kuma da ita suke ɗana ƙugiya.

Da muka koma ɗakin gwaji, ɗoki ya ɗebe ni. Na zuba nawa kai tsaye cikin ruwan fomalin, sinadarin da ake adana halittu a ciki don kada su ruɓe, na rubuta suna ɗaya a kan kwalbar, don a idona duk iri guda ne. Washegari na tarar sun ƙanƙance sun murɗe, launin ya fara dishewa, jan layin da na dogara da shi ya kusa ɓacewa. Malamarmu ta ɗauki hantsaki ta ciro guda, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in nuna mata shaidar da ta sa na ba ta wannan suna. Na ce launi. Ta tambaye ni ma'anar kalmar diversicolor. Ma'anarta mai launi iri-iri. Tsutsar kan zama ja-ja, ko ruwan ƙasa, ko rawaya, idan lokacin haihuwa ya zo ta koma kore. Sunan da kansa yana gargaɗin kada a amince da launi.

Daga nan na fara koyon inda shaidar take. A kai akwai idanu huɗu, da ƙananan ƙahoni biyu, da wasu gaɓoɓi biyu masu kauri da take lalube da su, sai zaruruwa huɗu a kowane gefe. Amma danginta na Nereididae kusan duk haka suke, wannan dangi kawai zai faɗa maka. Ainihin shaidar tana cikin maƙogwaro, wanda tsutsar ke juyo da shi waje kamar an juya safa idan za ta cafki abinci. A bakinsa akwai muƙamuƙai biyu masu kama da lauje, a jikinsa kuma ƙananan haƙora baƙaƙe kamar an barbaɗa gero. Tun ƙarni na 19 wani masani ɗan Suwidin, Kinberg, ya raba maƙogwaron zuwa yankuna takwas, har yau da su ake ƙirga. A Hediste, yanki na 5 fayau yake, babu haƙori.

Nawa kuwa duk sun haɗiye maƙogwaronsu sun sandare. Da na fara sa su a ruwan gishirin magniziyam sun saki jiki, da ɗan danna bayan kai kawai zai fito da shi. Dole na riƙa tsaga su ɗaya bayan ɗaya da siririyar reza, hannuna na rawa, kwana biyu cur. Abin ya dame ni ƙwarai, domin rayuka ne na ɗauko daga mazauninsu, gaggawata ta kusa sa su mutu a banza.

A tsutsa ta goma sha wani abu na ga haƙora a yanki na 5. Na kira malama. Ta ce in bar kai, in koma wutsiya. Ƙafafun nan ba ƙafafu ba ne na sosai, tsokoki ne masu rassa biyu, kowanne da tsinken da ke tallafe shi a ciki da damin gashi mai tauri a waje. A wannan tsutsar, reshen sama na gaɓoɓin baya ya yi tsawo ya baje kamar maɗauri. Alitta succinea ce, wadda Leuckart ya siffanta a 1847, tana zaune cikin laka ɗaya da maƙwabciyarta. Guda uku na samu a kwalbar. Da na miƙa ƙidayata yadda take, da rahoton ya ce babu ita a wurin, alhali irin waɗannan ƙidaya ake tarawa shekara da shekaru a gane ko lafiyar kogi tana sauyawa.

Fitarmu ta biyu na tafi da kwalbar magniziyam a jaka. Na zana launin kowace tun tana da rai, na jira ta saki jiki, na danna bayan kanta a hankali har muƙamuƙan suka ɓullo. Na ƙirga haƙoran yanki-yanki, na yanke ƙafa ɗaya daga gaba, ɗaya daga baya, na shimfiɗa a kan gilashi. Wata ƙarama wutsiyarta ta guntule a rariya, maƙogwaronta kuma ya ƙi fitowa. A takardarta na rubuta sunan dangin kawai da fensir, na jefa cikin kwalbar.