Saita agogon kwamfuta da tauraron ɗan'adam, aikin da ya shigo mana ta gefe

Asalin sana'ata haɗa netwok ne da kyamarar tsaro, ɗan shago ne nan Kaduna, ni da yara biyu. Amma akwai wani aiki da yanzu yake kawo na cefane, wato saita lokaci. In na faɗa mutane dariya suke, wai agogo ma sai an biya kuɗi? To bari a yi sata a sito, kyamarar bakin get ta ce ƙarfe 2:10, ta ciki ta ce 2:17, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata ita ma da nata lissafin daban, a nan ne Alhaji zai kira ka yana huci.

Abin da ke ƙirga lokaci a cikin kwamfuta ko DVR, wato na'urar da ke adana hoton kyamara, wani ɗan mitsitsin kiristal ne, kuma zafi da sanyi suna canja masa gudu, yadda yake tafiya a zafin Afrilu daban da na hunturu. Mai arha zai iya zamewa da kusan daƙiƙa 2 a rana, kafin wata ya ƙare ka ga minti guda ya tafi. In kuma ɗan batirin nan CR2032 da ke riƙe agogon na'ura ya mutu aka ɗauke wuta, shikenan, sai ya farka a wata shekara can baya. Intanet na gyara wannan ta NTP, wato hanyar da na'ura ke tambayo lokaci ta netwok, gaskiya ne, amma wurare nawa ne ake barin kyamara a kan data kullum?

Shi ya sa muke ɗauko lokacin daga sama. Taurarin GPS suna can nisan kusan kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogon atom, kuma siginar kyauta ce, ba data ba kati. Risiban yanzu, wato na'urorin da ke kama siginar, har taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin duk suna kamawa. Mukan kafa eriya a saman kwano inda take kallon sararin sama ba bishiya ba tankin ruwa, mu ja waya zuwa ɗan risiba na kamfanin u-blox, mu haɗa da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi mai manhajojin gpsd da chrony masu karɓar lokacin su rarraba shi, sauran na'urorin gidan duk su riƙa tambayarsa lokaci.

Inda masu koyo suke tuntuɓe shi ne PPS, wato bugun siginar da ke nuna shigar daƙiƙa. Risiba na turo abu biyu, akwai saƙon rubutu da ake kira NMEA da ke faɗin ƙarfe nawa, shi wannan yana zuwa a makare kuma makararsa ba ta da tsari, sai kuma bugun PPS, sau ɗaya tak a farkon kowace daƙiƙa. Kamar ladan ne da agogon bango, ɗaya ya faɗa maka wane lokaci ne, ɗayan ya ce yanzu ya shiga. In ka haɗa wayar PPS ɗin kuskurenka zai sauko zuwa maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, in kuwa ɗan GPS na USB ka soka kawai, to kana wasa ne a milisakan masu yawa, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Tsohon risiba kuma ba na saye ko da kyauta ne. GPS makonni yake ƙirgawa, in lissafin ya cika mako 1024 sai ya koma sifili, ya faru a Afrilun 2019, wasu tsofaffi suka koma nuna 1999. Sannan lokacin GPS yana gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da daƙiƙa 18 tun 2017, mu kuma a Najeriya awa ɗaya muke ƙarawa a kan UTC, duk sai ka duba kafin ka miƙa aiki.

Maganar gaskiya yawancin kwastomomina ba sa buƙatar maikurosakan, mai sito ko makaranta abin da yake so kawai na'urorinsa su yi magana ɗaya, don haka ba na cika masa baki da lissafi. Abin da nake dagewa a kai shi ne kuɗin kariyar tsawa da ɗan batiri na ajiya, don eriya a saman kwano da damina ba wasa ba ce, wanda ya ce a cire wannan daga kuɗin aiki nakan ce ranka ya daɗe sai dai a nemi wani.