Daga Sakkwato nike ƙidayar beluga

Duk wanda na gaya ma ina taya masu bincike aikin kifin wel na yankin ƙanƙara, tambayarshi guda ce, kai da ko teku ba ka taɓa gani ba? To gaskiya ne, iyakata gulbin Rima da dam ɗin Goronyo, amma aikin ba ya son ka jiƙa ƙafa, waya ce da data da haƙuri. Akwai shafin Zooniverse inda masu bincike ke zuba hotunan da sunka fi ƙarfinsu jama'a su taya su tantancewa, a ciki na samu aikin Beluga Bits na masu binciken Assiniboine Park da ke Winnipeg a Kanada. Duk shekara wajen Yuli da Agusta beluga, wato wani irin farin kifin wel, dubbai ke shigowa bakin kogin Churchill can Kanada, akwai kwale-kwale mai kyamara ƙarƙashin ruwa shina ɗaukarsu, hotunan nan su ne ke isowa wayata bayan isha'i, ina zaune tabarma ƙofar gida zufa na zuba an ɗauke wuta.

Hoto zai fito ruwa kore-kore duk dishi-dishi, a tambaye ka guda nawa ka gani, manya ne ko 'ya'ya, akwai tabo a jiki, cikin dabbar ya fito yadda za a gane mace ce ko namiji. Da launi ake gane shekaru, jariri toka-toka ne mai duhu, shina girma shina washewa har ya koma fari fat. Wanda ya fi tsaya mini a rai wata uwa ce da ɗanta manne da gefenta, ta karkato kai tana leƙen kyamara sosai, don ita beluga ƙasusuwan wuyanta ba su haɗe ba kamar na mafi yawan 'yan uwanta, tana iya waiwaye. Ba ta da ƙegen baya, haka 'yan uwanta narwal mai dogon haƙori da ƙaton wel ɗin da ake kira bohed, su ukun da ke zama yankin Aktik, wato yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya, rani da damina duk babu, abin da zai tokare ka ƙarƙashin ƙanƙara ai ba abin so ba ne. Kuma fa ba kifi ba ne na gaske, numfashi sukai da huhu suna shayar da nono.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne in hoto bai fito ba ka ce bai fito ba. Mu da munka yi karatun bayoloji an saba mana kar ka bar takarda babu amsa, ko canki-canka ne rubuta, nan kuwa canki ɓarna ne, don hoto guda mutane da yawa ke dubawa a haɗa amsoshinsu, in ka ƙirƙiro beluga ta uku daga inuwa ka ɓata lissafin kowa. Yawancin hotunan ma ba komai ciki sai ruwa ko wutsiya rabi, haka za ka yi ta dannawa, wallahi wani dare har barci ke ɗaukata.

Daga nan ne na zarce karatun bohed, kuma nan abin ya kama ni da gaske. Dabba ce da kitsen jikinta ke kai kaurin rabin mita, tana sa kai ta fasa ƙanƙara ta sheƙi iska. A 1999 John Craighead George da abokan aikinshi sunka auna shekarunsu ta wani sinadari da ke cikin ƙwayar ido, guda ya ba da kimanin shekara 211. A 2007 kuma mafarauta a Alaska sunka kama wani anka tarar da guntun makami cikin namanshi, irin wanda ake ƙerawa a garin New Bedford na Amurka wajen shekarun 1880, wato tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 dabbar nan ke yawo da ƙarfe a jiki. Ka ga mai binciken irin wagga dabba ya san zai tsufa ya mutu bai ga ƙarshen rayuwar guda ba, shi dai ya rubuta nashi da kyau ya bar ma na baya. Ga waƙar bohed kuma, wata mai bincike Kate Stafford ta sa na'urar sauraro a mashigin Fram tsakanin Girinlan da Sabalbad daga 2010 zuwa 2014, ta fitar da waƙoƙi daban-daban har 184, cikin hunturun da rana ba ta fitowa sam. Na saurari guntu da iyafis, ƙanena ya ce kamar ana jan ƙofar ƙarfe.

Amma labarin da na fi maimaita ma mutane na 1977 ne. A shekarar hukumar kula da farautar wel ta duniya ta hana 'yan ƙabilar Inupiyat na Alaska farautar bohed, don ƙidayar masana ta nuna saura kaɗan, ba su wuce dubu biyu ba. Mafarautan sunka ce a'a, ku kuna tsaye bakin ƙanƙara kuna ƙirga wanda ya ɓullo gabanku, alhali da yawa ta ƙarƙashin ƙanƙara suke wucewa wasu kuma can nesa inda idonku ba ya kai. Sunka kafa hukumarsu a wannan shekara, anka zo anka zura na'urorin sauraro cikin ruwa, sai ga kukan dabbobin da ba wanda ya gani, maganar tsofaffi ta tabbata. Ƙidayar 2011 ta ba da sama da 16,000 a garken nan, kuma har yau ana farautar da ƙa'ida ana ba masu bincike ido da sauran sassa su auna.

Na kai ma kawuna wanga labari, shi masunci ne tun tasowarshi wajen Kwalkwalawa, ya saurara shina gyaran koma bai ɗago ba, da na ƙare ya ce "to ɗana, su dai sun ci sa'a an koma an tambaye su." Na ce Kawu ku fa? Ya yi dariya ya shiga lissafa mini kifayen da sunka yi ƙaranci a gulbi tun shina saurayi, da watan da kowane ke ƙwai, da inda ruwa ke tsayawa da can yanzu ya zama gonar albasa. Ba ko ɗaya a rubuce. Ni a ganina duk binciken kare dabba da ya tsallake mutanen da ke ci daga gare ta, rabin ido gare shi, ko a Alaska ne ko a Wamakko.

Kar kuma a ɗauka komai lafiya lau ne can. Binciken 2022 ya nuna yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979, ƙanƙara na ja baya, kifin oka, wani wel mai farautar su beluga, na samun hanyar shiga inda da ba ya iyawa, jiragen ruwa na ƙaruwa da ƙararsu, beluga kuwa da sauti suke neman abinci da junansu. Belugan mashigin Cook Inlet na Alaska sun kai 1,300 a 1979, a ƙidayar 2022 ɗari uku da 'yan kai ne, an rage farauta tuntuni amma sun ƙi farfaɗowa.

Mai son gwadawa, kyauta ne, ba a biyan ko sisi kuma kar wani ya ce maka akwai dala ciki. Hotuna na cin data, ni da daddare nike yi lokacin da netwok ya fi sauƙi, kuma ka karanta bayanin misalan da sunka sa kafin ka fara don matashin beluga da babba a ruwa mai duhu suna rikitarwa ƙwarai. Ni yanzu na sayi littafi mai bangon kwali, ran Juma'a bayan masallaci zan koma wajen Kawu mu fara da sunayen kifayen, ya ce in taho mishi da goro.