Darussan aikin ƙidayar tsuntsaye a Peru

Wanda aka ɗora wa tsara aikin fili a Peru, ya fara tambayar tsayin kowane zango kafin ya tambayi nisansa. Lima tana bakin teku, cikin hamadar da ruwan sama bai cika sauka ba, sai hazo mai sanyi da igiyar ruwan teku mai suna Humboldt ke jawowa. Tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgi za ta sauke ka a Kusko, mita 3,400 sama da teku. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato ka ɗara ƙololuwarsa da kusan mita dubu alhali kana tsakiyar gari kana neman tasi.

A nan ne shugaban aiki mai lissafi daga ofis yake cutar da mutanensa. Jadawalin da irinsu ke rubutawa sananne ne: a sauka Kusko da safe, a yi sayayya da rana, a kama hanyar gandun dajin Manu da asuba. Ba don komai ba sai don a tsira da kuɗin masaukin kwana biyu. Hanyar kuwa da hawa take farawa, domin bayan garin Paucartambo sai an haura mashigar Acjanaco, wajen mita 3,500, kafin a soma gangara. Ciwon tsauni, wanda mutanen can ke kira soroche, yakan taso awa 6 zuwa 12 bayan isowa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai bambance kukan tsuntsaye biyu masu kama da juna ba. Bayanan kwanakin farko sukan lalace, a ƙarshe kuma a rubuta cikin rahoto cewa ma'aikatan fili ba su yi himma ba. Mai jadawalin dai ba a taɓa ganin sunansa a wannan shafin.

Gyaran ba shi da tsada. Daga filin jirgi a wuce kai tsaye kwarin Urubamba, wajen mita 2,900, a kwana biyu. Idan an haura mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Wanda likita ya rubuta wa acetazolamide, maganin rigakafin ciwon tsauni, ya fara sha kwana ɗaya kafin hawa. Haki ana zaune, tari mai jiƙa, ko tangaɗi wajen tafiya, maganinsu sauka nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: mai rukunin jini AS, wanda bai taɓa jin ko ɗar ba a gida, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ba na jira ba ne. A yi wa kowa gwaji tun kafin a sayi tikiti.

Wannan tsayin da ke wahalar da jiki shi ne kuma arzikin ƙasar. Manu, wanda aka kafa a 1973, ya taso daga ciyayin tsauni sama da mita 4,000, ya ratsa dajin da gajimare ke kwana a cikinsa, ya gangara har ƙasan Amazon, kuma an rubuta tsuntsaye fiye da iri 1,000 a cikinsa, daga sama da 1,800 da Peru take da su. Da yawansu ba sa barin wani siririn yanki na gangaren. Tunki, jan tsuntsun nan da ƙasar ta ɗauka alamarta, a tsakiyar gangaren ake samunsa, mazan na taruwa da sanyin safiya suna rawar neman mata. Can ƙasa kuwa sai manyan aku masu dogon wutsiya da ke cin laka a gaɓar kogi. Saboda haka duk abin da aka gani ba a rubuta tsayin wurin ba, rabin bayani ne. Na'urar GPS takan yi kuskuren tsayi a ƙarƙashin duhun itatuwa, gara ma'aunin da ke aiki da nauyin iska, a riƙa saita shi kowace safiya a wurin da aka san tsayinsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna tsayar da aiki. Daga Disamba zuwa Maris damina ce, zaftarewar ƙasa na iya rufe hanyar kwana da kwanaki. A Yuni da Yuli iskar kudu mai suna friaje kan sauke zafin dajin zuwa wajen digiri 10, don haka rigar sanyi ta bi ka har cikin kwalekwale. Laima tana sa gilashin kyamara ya yi funfuna. A ajiye shi cikin akwati mai rufuwa da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Ƙudan rairayi masu kawo gyambon leishmaniya sun fi ramin gidan sauro ƙanƙanta, sai raga mai ƙananan ido da aka jiƙa da magani. Allurar shawara a yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga daji. Takardar izinin bincike daga SERNANP, hukumar kula da gandayen daji ta Peru, a nema da wuri. Shayin ganyen koka a sha shi a can, kada ko ƙulli ɗaya ya shiga jakar dawowa.

'Yan jagora da matuƙan kwalekwale su ne ke gane yawancin tsuntsayen da kunne tun kafin baƙo ya ɗaga madubin hange. A sa sunayensu cikin yarjejeniyar aiki tun farko, don idan aka bar wa mai sa hannu a rahoto, layin godiya ɗaya za su samu a shafin ƙarshe.