Abin da Shekarar 1903 Ta Koya Mini a Aji

Duk shekarar da darasi ya kai mu kan faɗuwar Sakkwato, sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ƙaddara ce." Gaskiya ya faɗa, ba mai musu. Amma koyar da tarihi ya nuna mini cewa yaro yakan faɗi haka ne idan yana so a rufe littafi a tashi. Ni kuwa sai in tambaye shi, to ta wace ƙofa ƙaddarar ta shigo?

Kano ta faɗi a hannun Ingilishi a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, a bakin birnin Sakkwato, masu da takubba a gaban igwa da bindigar Maxim, faɗan bai daɗe ba. Kuma yawancin sojojin Lugga, shugaban Ingilishi a Arewa, baƙaƙen fata ne, da dama a cikinsu Hausa suke ji. Nan ne aji kan yi tsit.

Inda na fi daɗewa shi ne kan mutum biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, jama'a suka bar gida da gona suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya shawarci malamai, ya komo gari ya yi sulhu da Nasara, don gudun kada a bar talakawa ba jagora, addini ya tagayyara. Daga baya ma sai da ya rubuta wasiƙa yana bayyana hujjarsa. Dukansu sun yi imani da ƙaddara fiye da ni da ɗalibaina, amma ba wanda ya naɗe hannu. Kowa ya auna, ya zaɓa, ya ɗauki nauyin zaɓinsa. Yara sun fi son Attahiru, ba na ganin laifinsu. A ganina dai kayan Waziri sun fi nauyi, domin shi ya rayu yana jin abin da ake faɗa a kansa.

Waɗanda suka tsira daga Burmi sun ci gaba da tafiya tare da ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. Sun bar ƙasarsu don kada su zauna ƙarƙashin Ingilishi, suka isa can suka tarar Ingilishin ne ke mulki.